Jirgin Maharazu Bai Tashi Ba

Tun da Malam Maharazu ya ajiye aiki a wata kwaleji a Bloomsbury cikin birnin London, inda ya shafe shekara ashirin da ɗoriya yana wanke kwalaben gwaji yana saita wa ɗalibai na'urori, ba shi da zance sai na jirgi. Kuma ba jirgin sama ba, wanda kowa ke rububin hawa a shekarar nan ta 1975 don a koma gida a ci arzikin mai. Jirgin ruwa yake nufi, shi ma ba mai hayaƙi ba, irin wanda ake ɗaga wa zane iska ta tura shi. Wanda ya san shi ba zai yi mamaki ba. Mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara aka binne cibiyarsa, ƙauyen nasu kuwa yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogin a Kainji. In abokai suka ce masa, "Malam, ai lokacin komawa ya yi, ƙasa ta yi albarka," sai ya ce shi ma gida za shi, amma ta ruwa, kuma ba sauri yake yi ba.

Shirin nasa ba ƙarami ba ne. Shi da matarsa Hansai za su mayar wa council, hukumar da ta ba su haya, mukullin flat ɗinsu na Catford, su tare a cikin jirgi ɗungurungum, su bi gaɓar teku a hankali, Faransa, Portugal, Dakar, har Ikko, in tafiyar ta ci shekara biyu ma ta ci. Allah bai ba su haihuwa ba, ba wanda za su bari a baya. Ya daɗe yana bin wasu malaman kwalejin suna fita bakin teku ranar Asabar, har ya iya karanta taswirar ruwa, ya san lokacin da kogin Thames ke cikowa da lokacin da take janyewa. Da ya samu wani tsohon jirgin katako a can Essex, mai ɗaki ɗaya da gado biyu, ko shawara bai yi da kowa ba ya saye shi. Ya so ya rubuta sunan Hansai a jikinsa yadda Turawa ke yi, ta ce wallahi ba za a baje sunanta a bainar jama'a kowane ƙato na karantawa ba. Sai ya sa masa Alheri.

Ashe sayen jirgin shi ne mai sauƙi. Wurin ɗaure shi a London, a nan Maharazu ya ga tasku. Ya yi yawon marina, wuraren ajiye ƙananan jiragen ruwa, har ƙafarsa ta yi kanta. Wata su ce a cike take, ya sa suna ya jira baɗi. Wata su ce akwai wuri amma ba a kwana a jirgi, sai dai a zo a yi wasa ranar Lahadi a koma gida. Wata kuma a waya aka ce masa ya zo akwai gurbi, da ya isa aka dube shi daga hula har takalmi, sai gurbin ya ɓace. Ya juya ya tafi, amma abin ya daɗe yana cinsa. A ƙarshe wani mai sayar da igiya ya kwatanta masa wata tsohuwar kwata a Rotherhithe, inda a dā ake sauke katako, yanzu kuwa ba kowa sai tsuntsaye da rumbunan da tagoginsu suka farfashe. Mai kula da wurin wani tsohon Bature ne da lofe ba ya barin bakinsa, shi ya sa Hansai ta raɗa masa Mai Lofe. Ya ce akwai lungu ɗaya kusa da famfo, kuma ana iya kwana, sharaɗinsa dai kada a shanya wanki a kan igiyoyin jirgi. Hansai ta ce to, kuma tun makon farko ta karya sharaɗin.

Daga nan aka duƙufa aiki. Ɗakin jirgin nan in mutum biyu suka miƙe tsaye sai ɗaya ya karkace. Maharazu ya kankare tsohon fenti, ya sake igiyoyi, ya kai zanen jirgin aka ɗinke inda ya yage, ya ƙara tankin ruwan sha, ya ɗora risho a kan wani ƙarfe mai lilo don kada miya ta kife in ruwa ya tashi. Hansai kuwa nata yaƙin da kaya ne. Kwanukan da ta tara shekara da shekaru, samira da kwalla da fanteka, sai da ta zaɓi na zaɓa ta rabar da saura, tana rabawa tana tsaki. Turmi ne kaɗai ta kafe a kai, ta ce ko a tafi da shi ko a tafi babu ita. Aka yi masa gurbi a ƙarƙashin matakala, aka ɗaure shi da igiya kamar akuya. Abu ɗaya ya rage, a ɗaga jirgin da ƙugiya, wato injin ɗaga kaya, a duba gindinsa, a shafa masa fentin da ke hana gansakuka da ƙwarin ruwa kama katako. Maharazu ya yi booking ɗin ƙugiyar tun watan Yuli, sai aka yi cancel, aka mayar da shi ƙarshen Agusta.

To, a nan ne aka tafka kuskuren. Alhaji Lawal, shugaban ƙungiyar 'yan Arewa a London, mutum ne mai son komai a kan tsari. Ya ce azumi ya ƙarato, in aka shiga ba mai samun sukunin taro, don haka a yi wa Malam Maharazu walimar ban kwana tun yanzu. Maharazu ya san ba a ɗaga jirgin ba tukuna. Ya sani sarai. Amma ya ce a ransa ai fenti ne kawai, aikin yini guda, kuma maganar gaskiya abin ya yi masa daɗi, a ce yau shi ne za a taru dominsa. Aka cika zauren da aka saba haya a Peckham, ɗalibai da likitoci da ma'aikatan gwamnati da matansu. Aka ci aka sha. Maharazu ya miƙe ya nemi gafarar kowa kamar yadda mai doguwar tafiya ke yi, aka yafe masa, shi ma ya yafe. Mata suka rurrungume Hansai, ana kuka ana face hanci. Aka tara musu guzuri, kilishi da dambun nama da dabino, Murja matar Alhaji Lawal ta kawo man shanu a kwalba, wani likita ya ba da barguna. Liman ya yi doguwar addu'a, ya roƙa musu tsari daga sharrin iska da igiyar ruwa, aka shafa Fatiha. Da aka ce za a yi musu rakiya har bakin ruwa, Maharazu ya ce a'a, ranar Laraba da asuba ruwa zai ciko su fita, kada a wahalar da jama'a.

Ranar Litinin ƙugiya ta ɗaga Alheri. Mai Lofe ya shiga ƙarƙashinsa yana zagayawa yana ƙwanƙwasawa da guduma, da ya zo tsakiya sai sautin ya sauya. Ya sa wuƙar aljihu, ta shige kamar a cikin dafaffiyar kabewa. Katakon gindi ya ruɓe, kuma ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ya zare lofen daga bakinsa, abin da ba ya yi, ya ce jirgin nan in ya fita teku a haka ko Faransa ba zai gani ba. Gyara zai kai har sanyi ya shigo, in sanyi ya shigo kuwa ba mai hankalin da zai tunkari tekun nan da ƙaramin jirgi. Sai dai wajen watan Mayu. Aka ajiye jirgin a kan tudu, aka tokare shi da itatuwa, aka jingina masa tsani. Mai Lofe ya ce su ci gaba da kwana a ciki, shi bai ga komai ba.

Hansai ta ce, "Malam, sai mu je mu gaya wa mutane."

"Mu gaya musu me? An yi kuka, an shafa Fatiha, mun karɓi guzurin jama'a. Sai Juma'a ta zagayo a gan ni a sahun gaba ina gyara hula? Wallahi har in mutu ana ba da labarina a London."

"To ai ba kai ka ruɓar da katakon ba."

"Ke dai ki bari. 'Yan makonni ne."

Ba 'yan makonni ba ne, kuma ya san haka lokacin da yake faɗa. Ban da Mai Lofe, mutum ɗaya ne ya san suna nan, Dalyop, maƙwabcinsu na Catford, mutumin Jos, kwandasta ne a bas, shi ya taya su kwashe kaya. Maharazu ya haɗa shi da Allah ya rufa masa asiri, ya kuwa rufa.

Haka suka yi azumi a cikin jirgin da ke kan tudu, ana hawa da tsani ana sauka da tsani. Da dabinon guzuri suke buɗe baki, kuma duk wanda Maharazu ya kai baki sai ya ji kamar kayan wani ya ɗauka. Kilishin ma ya ƙi wucewa, har Hansai ta gaji ta zuba shi a miya. Ranar Juma'a ya cire hularsa zanna ya sa hular sanyi, ya ƙetare kogi zuwa wani masallacin mutanen Bangladesh inda ba mai saninsa, ana sallamewa ya zame. A can ya yi Idi, cikin mutanen kirki, amma ba wanda ya ce masa barka da Sallah da harshen da yake so ya ji. Hansai kuwa kitsonta ya tsufa har ya warware, ba damar zuwa Peckham. An yi suna a gidan Murja, a bakin Dalyop ta ji. Ba ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne, sai dai ranar murfin tukunya ya sha wuya.

Shi kuma sai ya ɓuya a cikin aiki. Ya cire ruɓaɓɓen katako, ya auna sabo, ya turara shi har ya lanƙwasu, ya buga ƙusoshin tagulla. In yana aikin yakan manta. In ya ajiye guduma abin ya dawo.

Wata Lahadi a watan Nuwamba yana ƙarƙashin jirgin yana cusa auduga da kwalta a tsakanin sababbin katakai, sai ga Dalyop, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Malam, ka san wani Almu daga Yawuri?"

Maharazu ya saki gudumar. Ya san Almu? Tare aka yaye su, tare aka yi musu kaciya, kwale-kwale ɗaya suka koyi tuƙi a ciki, kuma tare suka kifar da shi suka sha dūka. Da Maharazu ya bi boko har ya ƙare a London, Almu ya tsaya a gida yana fataucin kifi. Shi ya riƙa kai wa mahaifiyar Maharazu hatsi, shi ya kwashe ta ya kai ta sabon gari lokacin da ruwan Kainji ya taho, kuma da ta cika shi ya shiga kabari ya karɓe ta, ɗanta na can Catford yana jiran izinin hutu da kujerar jirgi.

Dalyop ya ce, "Na dawo daga aiki na tarar da shi zaune a kan akwatinsa a ƙofar tsohon flat ɗinku, sanyi na kaɗa shi, idonsa rawaya shar. Hanta ce. Likita ne a Kaduna ya turo shi. Ya ce bai aiko da saƙo ba don ya san in ya zo London yana da gida. Ni kuma na dubi tsohon nan ido da ido na ce masa kun tafi, kuna teku." Ya murza hularsa ta aiki. "Malam, ka sa na yi wa mara lafiya ƙarya. Ban taɓa yi ba sai a kanka."

Dalyop ya ce an kwantar da Almu a asibitin da tasa matar, Juliana, ke aikin jinya, kuma Alhaji Lawal ya ji, jama'a sun fara zuwa dubiya.

"Gobe zan je," in ji Maharazu.

Bai je ba. Gobe ta zo ya ce bari ya rufe ɓarakar da ya buɗe kada ruwan sama ya shiga. Jibi ya ce mura yake ji, kada ya shafa wa mara lafiya. Dalilin gaskiya kuwa ɗaya ne, kuma ya san shi kamar yunwar cikinsa. Asibitin Turawa ba a shiga sai lokacin ziyara, da la'asar, kuma a lokacin nan duk Bahaushen da ke London yana iya kasancewa a bakin gadon. Ba hanyar ganin Almu sai an gan shi. Kullum ya yi sallah sai ya roƙa wa abokinsa lafiya, yana roƙon yana jin kunyar Wanda yake roƙo.

Sau ɗaya ya yi ta maza. Ya sa rigarsa ta kirki, ya hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sayi lemo a bakin tasha. Yana kaiwa ƙofar asibiti sai ya hango Murja da wasu mata biyu suna saukowa daga bas, kowace da kwanon samira ɗaure a ƙyalle. Kafin ya yi tunani ƙafarsa ta riga ta kai shi bayan akwatin tarho. Dattijo da furfura, mai shirin keta teku har Ikko, ya maƙale a bayan ƙarfe don gudun mata uku da kwanon tuwo! Abin ko daɗin faɗi babu. Ya tsaya har suka shige, sannan ya juya. Lemon a kan benci ya bar shi, don ba zai iya shiga da shi gaban Hansai ba. A cikin tube ya ga fuskarsa a gilashi, ya tsani mutumin da ya gani.

Ana haka har aka tasam ma mako uku. Dalyop ya sake zuwa, wannan karon bai ko hau tsani ba, daga ƙasa ya tsaya yana magana, Maharazu da Hansai suna leƙowa daga sama.

"Juliana ta ce jikin ya yi nauyi. Likitoci sun ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Kuma akwai abin da ya kamata ka ji. Ya roƙi Alhaji Lawal ya nemo hanyar da za a aika maka saƙo a teku. Wai ku a addininku addu'ar matafiyi ba ta faɗuwa ƙasa, to shi yana da matafiyi nasa na kansa, a gaya maka ka roƙa masa. Alhaji ya yi ta buga waya tashoshin jiragen ruwa, har Lisbon ya kira, yana tambayar ko an ga wani jirgi mai suna Alheri. Kullum ya shigo ɗakin, abin da Almu ke fara tambaya ke nan, saƙon ya kai?"

Maharazu ya zauna a kan rufin ɗaki. Hansai ta sauka ciki, ya ji tana buɗe adaka, can sai ga ta ta fito da mayafinta na fita unguwa da jaka a hannu.

"Ina za ki?"

"Dubiya, Malam. Wata uku na yi ina bin ka a ɓoye kamar ɓarauniya, ban ce komai ba, don kai ne gaba da ni. Amma mutumin da ya binne Inna ba zai mutu a garin da nake zaune ban je na ce masa sannu ba. In za ka zo, ka zo. In ba za ka zo ba, ka matsa mini in sauka."

Ya matsa mata. Ta kai rabin tsani ya ce ta jira shi ya wanke hannu, kwaltar kuwa ta ƙi fita, haka ya tafi da ita a farce.

Ɗakin masu jinya dogo ne, gadaje a jere, ga warin magani. Gadon Almu na can ƙurya kusa da taga, kuma kamar yadda ya zata, a kewaye yake. Alhaji Lawal na nan, da Murja, da liman, da wasu ɗalibai biyu. Alhaji Lawal ne ya fara ganinsu. Ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi.

"Allahu akbar! Saƙon ya kai! Jama'a, ga Malam Maharazu! Daga ina kuka juyo? Lisbon ko? Na ce mutanen nan za su isar. Kai, Allah mai iko!"

Bai ma jira amsa ba. Murja ta rungume Hansai tana kuka, ɗaliban suka miƙe suna ba shi hannu bibbiyu, wata nas ta ɗaga yatsa a yi ƙasa da murya. Maharazu ya ga ashe ba sai ya yi ƙarya ba ma, shiru kawai zai yi, an riga an gama masa ita. Ya saci kallon Hansai. Idonta na ƙasa, kuma ya san ko za a yanka ta ba za ta tona shi a gaban mutane ba.

Aka dāre masa ya isa bakin gado. Almun da ya sani ƙato ne, mai ɗaga buhun kifi da hannu ɗaya. Wanda ke kwance ɗin nan bai fi yaro ba a cikin bargo, sai ido da haƙori. Amma dariyar tana nan yadda take.

"Sarkin Ruwa," in ji Almu, da sunan da yake tsokanarsa da shi tun ranar da suka kifar da kwale-kwale. Ya kama hannun Maharazu da hannayensa biyu ya riƙe gam. "Ban gaya muku ba? Na ce ko a tsakiyar teku yake, in ya ji zai juyo. Na san mutumina." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Kada ka zauna tukuna. Tun tafiyar ba ta sauka daga jikinka ba, ɗaga hannu ka roƙa mini. Likita ya yi nasa ya gama. Naka nake jira."

Kowa ya ɗaga hannu, har liman. Maharazu ma ya fara ɗaga nasa, sai ya tsaya. Mutane ya yi wata uku yana ɓoye wa, wannan ya iya. Amma a ce ya tsaya a gaban Allah da sunan matafiyi, a kan mutumin da ya jingina duk sauran fatansa a kan tafiyar nan, wannan bakinsa ya ƙi buɗewa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a cikin ruwa.

"Almu," ya ce, "ban je ko'ina ba."

Hannuwa suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

"Jirgin ruɓewa ya yi. Bayan walima aka gani. Ko a cikin ruwa ba ya, yana kan tudu a Rotherhithe, an tokare shi da itace. A ciki muke tun kafin azumi. Kunya ce ta hana ni fitowa, bayan an yi mini addu'a an ba ni guzuri. Ni ba matafiyi ba ne. In ka hau bas daga nan, kafin shayi ya huce ka isa inda nake."

Dariyar da ya shafe watanni yana gudu, ba wanda ya yi ta. Da ma an yi, da ya fi masa sauƙi. Alhaji Lawal ya sunkuya ya ɗaga kujerar da ta faɗi, ya daɗe yana gyara mata zama. Ɗaliban suka koma kallon taga.

Almu bai saki hannun ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a hankali, kamar mai lallashi, "To ai ba komai. Katako ne, yana ruɓewa. Ashe kai ma ba ka ji ina nan ba sai yau."

Ga ƙofa an sake buɗe masa, kuma mai ciwon ne da kansa ya buɗe. Maharazu ya ga yadda Almu ke so ya ce i, ya gani a idonsa. Amma ya riga ya gaji, kuma ba abin da ya rage masa da zai ba abokinsa sai gaskiya.

"Na ji. Tun ranar da aka kwantar da kai na ji. Har ƙofar asibitin nan na zo na koma."

Almu ya lumshe ido, ya buɗe. Bai yi faɗa ba, bai ɓata fuska ba. A hankali ya zare hannayensa daga na Maharazu, ya mayar da su ƙarƙashin bargo. Ya dubi Hansai ya ce mata sannu da zuwa, ya tambaye ta sanyi, ta amsa tana share ido. Sannan ya dawo kan mutumin da ke tsaye.

"Na gode da ka zo, Malam Maharazu. Allah ya ba da lada." Ya juya ga liman. "Allah ya gafarta Malam, yi mana addu'ar, kafin a kaɗa ƙararrawar tashin masu ziyara."

Tun suna yawo tsirara a bakin Kwara, Almu bai taɓa ce masa Malam ba sai yau. Liman ya fara, kowa ya sake ɗaga hannu. Maharazu ya ja da baya zuwa ƙafar gado, inda baƙi ke tsayawa, ya ɗaga nasa shi ma yana cewa amin, hawaye na ɗiga a tafinsa. Har aka shafa, Almu bai sake duban wajen da yake ba.